Haɗin Bagaruwa da Alif

Litinin, 2 ga Yuni, 1997

An binne Sila, mijin Naomi maƙwabciyata. A coci an ce taifot ne. Ni da na shekara tara ina aikin ungozoma na san taifot ba ya cin mutum wata bakwai har zobe ya riƙa zamewa daga yatsarsa. Na kama bakina, na wanke tukwane tare da matan zumunta. Titus bai zo ba, yana Warri da tanka. Sati biyar ke nan rabona da mijina.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sista Folake, shugabar ɗan asibitinmu, ta dawo daga bita, ta tara mu bayan an gama awo. Ta zana gaban mace a bayan tsohuwar kalanda. Zanen dai Allah ya kyauta, amma bayanin ya shiga.

Wai cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki, akwai masu zama ƙarƙashin fatar nan mai laushi ta ciki, har bakin mahaifa, suna gadi. Da wurin ya ɗan tsage ko ya kumbura sai su taru su yi yawa. Ita kuwa ƙwayar ƙanjamau su ɗin take nema. Cikinsu take shiga ta hayayyafa, su kuma su yi gaba da ita cikin jiki. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai ta faɗi abin da ke tsaga wurin: ciwon sanyi, gyambo, da busar da gaba da mata ke yi da alif da bagaruwa. Ta ce danshin da Allah ya sa a wurin kariya ne, ba ƙazanta ba. Ba ni ta kalla ba, amma sai na ji kamar sunana ta kira.

Juma'a, 6 ga Yuni

Bari in rubuta shi ɓaro-ɓaro, tunda ba mai karantawa. Haɗin nawa ne. Wurin kakata na gada: a tafasa bagaruwa, a jefa alif kamar ƙwayar gyaɗa, a zauna ciki, a tsane da tsumma ranar da maigida zai dawo. Matan direbobin da ke gidan hayarmu a Kwamba duk ni na koya wa. Suna yi da ƙarfin zuciya, ai Nas ce ta faɗa.

Bara Naomi ta zo tana kuka, wai Sila ya yi wata budurwa mai sayar da abinci a Gauraka. Ni sarkin dabara na ce ta ƙara alif. Ta dawo ta ce yana mata zafi, har da ɗigon jini. Na ce mata alamar ya kama ke nan.

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban ji komai cikin wa'azi ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Maman Uju, ɗaya daga matan direbobin, ta zo da kwalbarta in zuba mata haɗin, mijinta zai shigo jibi. Na ce na daina. Na fara yi mata bayanin sojojin jiki, ta kalle ni kamar mai sayar da maganin gargajiya a tasha. Kafin la'asar magana ta zaga gida cewa Rebeka ta koma rowa, tana ɓoye haɗin don Titus ɗinta kaɗai. A bakin famfo suka yi shiru da na iso. Na cika bokitina na dawo. Ɗakin nan ya yi min girma, har rediyo nake kunnawa don in ji muryar mutum.

Asabar, 14 ga Yuni

Na tare Sista Folake a ɗakin magani, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce haɗin ba ya haifar da cuta, mutum ne ke kawo ta. Yana iya buɗe mata ƙofa, amma ba likitan da zai rantse cewa shi ya sa ko ba shi ba. Na fara samun sauƙi, sai ta cire tabarau.

"Ke fa, Rebeka? Mijinki ba direba ba ne?"

Shekara goma sha ɗaya ina zama cikin ruwan nan duk dawowarsa. Ban taɓa tambayar inda yake kwana ba. Tsoro nake ji.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na shiga wurin Naomi da kunu. Tana tari, ƙuraje sun fito mata a wuya. Tun bayan jana'iza ba mai shiga ɗakinta, har igiyar shanya sun raba da ita. Na durƙusa na faɗa mata, tun daga kalanda har alif. Ta daɗe tana juya cokali.

"Anti Rebeka, na san abin da ya kashe Sila. Shi ya je ya ɗauko. Ke kaɗai ce kike shan ruwa a kofina a gidan nan. In kin gama neman gafarar, ki tsefe min kai."

Na tsefe. Gashin yana biyo mataji, na riƙa ɓoyewa cikin zanina. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Talata, 1 ga Yuli

Mun je Abuja ni da Naomi, an ɗebi jininmu. A mota ta yi barci a kafaɗata.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sakamako ya fito. Nata ya nuna. Nawa bai nuna ba, amma sai na sake bayan wata uku. Na rasa yadda zan yi murna a gabanta, ita ce ma ta ce in gode wa Allah in daina wannan fuska. Na karɓo takardar gwaji ɗaya, na rubuta sunan Titus.

Asabar, 19 ga Yuli

Titus ya dawo da azahar, da burodi da busasshen kifi, yana tsokanata wai bai ji ƙamshin bagaruwa daga ƙofa ba. Na ba shi abinci, ya ƙoshi. Sai na ajiye takardar da fakitin kwaroron roba kusa da kwanon, na ce ya zaɓi wanda zai fara da shi. Ya tambaya ko karuwa na ɗauke shi, ko ni ce na zama. Na ce masa ya leƙa ɗakin Naomi ya dawo mu yi magana. Bai leƙa ba. Ya ɗauki jakarsa, wai zai kwana wurin abokansa a Maje.

Da can da na bi shi har titi ba takalmi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ruwa tun safe. Na dafa kifin, muka ci da Naomi, ta ci loma shida, na ƙirga. Maman Uju ta leƙo wai aron tsintsiya, ta tsaya tana kame-kame, can ta ce wane zane ne aka ce na iya a bayan kalanda. Na ce ta zo gobe, ta taho da sauran.

Ba wani abu ne ya canja ba. Har yanzu kunnena yana wajen ƙofa. Takardarsa tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, in ya dawo zai same ta, zai same ni. Ban sa sakata ba. Amma tukunyar bagaruwa ma ban ɗora ba.