Tsinken da Kika Auna Ƙafar Godiya da Shi

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa, tare da kewar da ba ta raguwa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, ba ni ma da wanda zan ba ya kai miki. Amma tun safe nake zagaye tsakar gidan nan ba abin da na tsinana, ga magana cike da bakina, ga ba kowa. Shi ne na yago takarda daga littafin da kike rubuta waƙoƙin zumuntar mata, na zauna a kan turminki. Ki yi haƙuri da yagar, na san da kina nan da na sha faɗa.

Bari in fara ba ki labarin gida. Masara ta yi kyau bana, har gonar bakin rafi da kika ce in daina wahalar da kaina a kanta. Akuyarki ta haifi biyu. An gama rufin coci, yanzu ruwa ba ya zuba a layin da kuke zama. Maƙwabciyarmu Inna Hajara tana nan da ciwon gwiwarta, ita ke yi wa Godiya kitso duk Asabar, in na miƙa mata abin goro sai ta harare ni. Godiya ta cika shekara biyar, haƙorinta na ƙasa ya fara girgiɗi. Kirsimeti kuma ya zo ya wuce shekaranjiya, na farko ba ke. A kansa nake so in yi miki magana, don na yi ɓarna, kuma ke kaɗai za ki gane yadda aka yi.

Kin tuna dokarki ta kaza biyu? Duk shekara in Disamba ya kama sai ki kama kaza biyu ki kai kasuwa, abin da suka kawo shi ne na Kirsimetin Godiya. Riga ɗaya, takalmi ɗaya, in an sami saura a haɗa da balan-balan. Kika ce yaro bai san tsada ba, sabo kawai ya sani. Ni kuwa ko a jikina, iyakata in kawo shinkafa da nama. Ban taɓa tambayarki yadda kike yi kuɗin ya isa ba.

Bara ne kika so ki karya dokar da kanki. Kin ga wani jan takalmi mai maɓalli a kasuwar Tudun Wada, kika dawo kina ta ba ni labarinsa kamar wata yarinya. Kika ce za ki ƙara da kaza ta uku, mai wake-waken nan. Na ce a'a. Na ce yarinyar da za ta fi ƙarfinsa kafin damina, me za ta yi da takalmin kaza guda? Har da cewa kin fara koyon almubazzaranci irin na 'yan birni. Kika sayo na roba, tsinken tsintsiyar da kika auna ƙafarta da shi kuma kika jefa a gwangwanin zare da allura, kika ce to, sai baɗi. Kazar da na hana ki sayarwa ko wata ɗaya ba ta ƙara ba, ciwon kaji ya shigo ya ɗauke ta. Na ga kin kalle ni ranar da muka jefar da ita, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Ban taɓa ce miki kin fi ni gaskiya ba. To, yau na faɗa.

Sai ga shi baɗin ya zo ba ke. Zazzaɓin kwana huɗu a farkon damina, shi ke nan fa.

Akwai abin da ya faru bayan an binne ki da ya kamata ki sani. Yayarki Rifkatu ta kira ni gefe, ta ce in ba ta Godiya ta tafi da ita Tudun Wada ta haɗa da 'ya'yanta. Wai namiji shi kaɗai ba ya iya riƙon 'ya mace ƙarama, ga gona, ga makarantarmu da nisa. Kin san halina. Raina ya ɓaci, na ce mata ban mutu ba tukuna da za a fara rabon 'yata. Ta ce ta ji, amma za ta zo mana Kirsimeti ta gani da idonta. Tun daga ranar maganar nan ta tsaya mini a rai. Na koyi tuwo, ko da yake har yanzu da gudaji. Na koyi wankin ƙananan kaya. Na ƙudura a raina ranar Kirsimeti Rifkatu za ta ga yarinyar da babu kamarta a duk cocin, ta koma gida ta bar mini abata.

Da Disamba ya kama sai na rasa ta inda zan fara. Nawa ake kashe wa yarinya 'yar shekara biyar? Kaza biyu ta ishi yarinyar da ke da uwa. Wadda ba ta da ita fa, kaza nawa? Na tambayi matar Fasto, ta ce riga da takalmi sun wadatar, kada in takura kaina. Na tambayi Malam Idi, mijin Inna Hajara, ya ce shi a Sallah yadi ɗaya yake yanka wa yara duka, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙararsa. Na ji su duka, na yi godiya, na dawo gida na fitar da buhun masara biyu.

Ina neman allura ne in ɗinke bakin buhu na buɗe gwangwaninki. Sai ga tsinken a kwance a ƙasa, da ɗan jan zaren da kika ɗaura masa don kada a zubar. Saratu, na daɗe a tsugune a wurin. Hannunki ne ya karya shi. Na sa shi a aljihun gaba na tafi kasuwa, ina tafe ina taɓa shi.

Ki ji abin da mijinki ya sayo. Riga mai raga-raga da ɗankwalinta, safa fara, jaka 'yar ƙarama, tabarau, agogon roba wanda ba ya tafiya, da 'yartsana mai rufe ido in an kwantar da ita. Sannan na nemi jan takalmi mai maɓalli, na zaga rumfa ta fi biyar kafin in samu. Na miƙa wa mai takalmin tsinken, ya zura shi ciki ya zauna daidai. Ya tambaye ni yaushe aka auna. Maimakon in gaya masa gaskiya sai na ce uwarta ce ta auna. Ya ce ai in uwa ce ta auna babu gyara. Ban ko yi ciniki ba.

Kada ki ce ban san yara suna girma ba. Na sani. Amma kullum ina ganinta, a idona tana nan yadda kika bar ta. Kuma ban so in karya wani tsinken. So nake a ce ke kika auna, ni na biya, mun saya mata tare.

Na ɓoye kayan a rumbu har safiyar Kirsimeti, don haka ba a gwada ba. Rifkatu ta iso tun ana gobe, ita ta karɓi girki. Da safe na zube wa Godiya kayan a tabarma. Ta tsaya tana kallo, ta rasa wanda za ta fara ɗauka, har ta ɗan tsorata. Da na fito da takalmin na gaya mata wannan Mamanta ce ta auna mata tun kafin ta tafi. Sai ta karɓe, ta ce ita za ta sa da kanta. Na ga tana ta fama da shi a bakin ƙofa, na tambaye ta ya yi daidai? Ta ce ya yi. Ni kuma ina can ina kallon fuskar Rifkatu, ina jiran in ga ta sha mamaki.

Kin san nisan gidanmu da coci, a ƙetare rafi a hau tudu. Da ƙafarta ta je. Ta tsaya a gaba tare da yara suka yi waƙa, kowa na cewa kai, ga 'yar Saratu. Ni ina baya ina ta kumbura. Da ƙafarta ta dawo. Sannan aka zuba shinkafa a kwanuka, ta shiga kai wa maƙwabta kamar yadda kika saba aikenta, gidan Mai Unguwa, gidan Liman, gidan maƙera, tana zuwa tana dawowa. Na ga tafiyarta ta canza, na ɗauka yanga ce ta sabon takalmi.

Gidan Inna Hajara ne na ƙarshe. Da ta daɗe ba ta dawo ba Rifkatu ta bi sawu, ni ma na bi daga baya na tsaya a zaure. Daga nan nake hango su. Tsohuwar ta ɗora ta a cinya ta cire takalmin, farar safar ta manne da dunduniya, ta yi ja. Sai da aka jiƙa da ruwan ɗumi kafin ta fita. Duk ƙafa biyun sun yi bororo sun fashe, ƙananan yatsun sun saluɓe. Inna Hajara tana ta salati, tana tambayarta me ya hana ta faɗa tun safe. Godiya ba kuka take ba, Saratu. Cewa ta yi kada a gaya wa Baba. Wai in ya ji bai yi mata ba zai koma bayan rumbu ya zauna ya ƙi cin abinci, kamar lokacin da Mama ta tafi.

Ashe tana ganina. Duk watannin nan ina cewa ni ke riƙonta, ashe ita ke lallaɓa ni. Yarinyar da haƙorinta bai ma faɗi ba ta wuni tana taka ciwo don kada ubanta ya ɓata rai. Me zan ce miki? Na fita daga zauren ban bari sun gan ni ba.

Na ɗauka Rifkatu za ta zo ta wanke ni tas, na ma shirya karɓa. Ashe ba haka ba. Ta goyo yarinyar ta kawo gida, ta shafa mata man kaɗanya, ta ci gaba da wanke-wanke. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo, irin naki ne sak. Washegari ni da bakina na same ta a madafa na ce ta tafi da Godiya. Na ce ba don tuwo ko wanki ba, waɗannan zan iya. Yarinyar tana bukatar gidan da za ta yi kuka in abu ya yi mata zafi. Rifkatu ta share ido da bakin zane, ta ce duk hutu za ta kawo ta, kuma ƙofarta a buɗe take gare ni ko yaushe.

Yau da safe suka tafi. Kafin mai babur ya iso, Rifkatu ta zaro tsinke daga tsintsiyarki, ta sa Godiya ta taka ƙasa, ta auna daga dunduniya zuwa babban yatsa. Sai ta ɗora yatsunta biyu a gaba, ta karya a nan. Ta ce ke daidai ƙafa kike karya naki, amma kullum wurin saye sai kin ƙara faɗin yatsa biyu saboda girma. Shekara nawa kina yin haka ban taɓa lura ba? Ta miƙo mini tsinken ta ce takalmin yarinya dai aikin ubanta ne, ita ba za ta saya ba.

Na so in mayar da jan takalmin a canzo babba, Godiya ta ƙi. Ta cusa shi a jakarta, wai na Mamanta ne. Tsohon silifas ɗinta ta sa. 'Yartsanar kuwa, wadda ta fi komai tsada bayan takalmin, ta kai ta ɗakina ta kwantar a kan filo. Ta ce ta bar mini ita ta riƙa taya ni hira. Tana can kwance ido a rufe, ban iya taɓa ta ba.

Na jera tsinken nan biyu a cinyata, naki da na Rifkatu. In aka cire yatsa biyun da ta ƙara, bambancin bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. Iya girman da ta yi ba ki gani ba ke nan. Ɗan kaɗan ne a ido, amma ya isa ya fasa mata ƙafa.

Na yi daidai da na bari ta tafi? Da kina nan me za ki ce? Gidan ya yi shiru, ba mai bin kaji da gudu, ba mai kirana in zo in ga tururuwa. Na dafa abinci da rana, sai da na zuba kwano biyu na tuna.

Har yanzu ban san nawa ya kamata a kashe wa yaro a Kirsimeti ba. Buhu biyu dai bai saya mata abin da na so ya saya ba. Ran kasuwa mai zuwa zan tafi Tudun Wada da sabon tsinken, in nemi wani jan takalmin, in durƙusa in sa mata da hannuna, in danna gaban in ji inda yatsanta ya tsaya. Ba zan taɓa masara ba wannan karon, kaji zan kama. Uku zan kai, Saratu. Ta ukun ita ce wadda na hana ki.

Ki huta lafiya a wurin Ubangiji, sai ranar da zai sada mu.

Ni ne mijinki mai taurin kai,
Bitrus, Baban Godiya