Babin da Farfesa ya ce in cire

Daren Laraba, Anka.

Har yanzu raina a ɓace yake. Da la'asar Farfesa, mai duba aikina na digiri na biyu, ya kira ni ya ce in cire babi na huɗu. Wai shi injiniyoyin muhalli yake horarwa, ba 'yan kasuwa ba. To, don me suka haɗa mana karatun da ilimin tafiyar da kasuwanci?

Babin nan ne ya nuna yadda masu niƙa dutsen zinariya za su fitar da injinansu bayan gari, su riƙa jiƙa dutsen don kada ƙurarsa mai dalma ta tashi, kuma su ci riba. Jiya a ƙauyen Dareta na tsaya ina yi wa Kawu Sani, ɗaya daga cikin masu niƙan, bayanin gubar dalma, shi da ya binne 'ya'ya biyu saboda ita. Ya ce, "Hadiza, mun sani. Mi za mu ci in mun bari?" Sai da na bayyana masa abin da ke babin, sannan ya ce zai tara abokan sana'arsa ranar Juma'a.

Inna ta ce in bi malamina a hankali. Zan yi masa duk sauran gyaran. Amma babin nan ba zan cire shi ba, ko da zai ja mini ƙarin shekara.