Sunaye Goma Sha Biyu

Godogodo, 3 ga Maris

'Yata Martina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Baba Kumai ne. Hulda matar ɗana ke riƙe da biro, amma bakin nawa ne.

An karanta mini takardar da kika rubuto daga muryata da kika ɗauka a waya don bincikenki. Har tarina kin rubuta, sannu da ƙoƙari. Amma mutum goma sha ɗaya da aka kashe ranar da aka ƙone ƙauyenmu, na kira miki su ɗaya-ɗaya, ke kuwa kin sa "Mamaci na Ɗaya, Mamaci na Biyu". Na biyun nan Yafet ne, a hannuna aka yi masa baftisma. Babayo Bafulatani da ya ɓoye mu a garkensa ya koma "wani makiyayi". Ni kaɗai na san su duka. Ki gyara.

Ki huta lafiya,
Kumai

Gidan Waya, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ba raini ba ne. Dokar aikinmu ce a ɓoye sunaye, kuma da an gama rubutawa sai a goge muryar, kada ta faɗa hannun mugu. Ka tuna Babayo yana raye. In sunansa ya fita, wa zai tsare shi?

'Yarka,
Martina

Godogodo, 2 ga Afrilu

'Yata,

Gaisuwa. Na ji dokarku. Wanda yake cikin rami, me za a ƙara yi masa? Babayo kuwa ki daina damuwa. An tsinci gawarsa bakin rafi kafin bikin Ista. Waɗanda suka yi ba su jira takardarki ba. Ki sa shi na goma sha biyu.

Kada ki taɓa muryar nan. Ƙirjina ba daɗi kwanakin nan. Hulda ta ce in faɗa mata sunayen ta rubuta, na ƙi. Sau ɗaya na iya kiransu a jere, kuma ke na kira wa.

Allah ya tsare,
Kumai

Godogodo, 20 ga Afrilu

Martina,

Ina gaisuwa. Mun binne Baba ranar Asabar. Mun zauna da dattawan ikilisiya, sunaye tara kawai muka iya haɗawa. Shiru ba ki amsa wasiƙarsa ba.

Kin goge muryar?

Hulda