Ganyen Fiyar Gidanmu

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni dai ga ni nan, shekara uku ke nan ina manna busassun ganyaye a takarda, a ɗakin ajiyar da ko taga babu. Bana durowoyin dangin kirfa da kafur da fiya aka ba ni. Ƙamshi kamar kicin, abinci kuwa babu.

Ganyen fiyar gidanmu da kika sako mini a wasiƙa ya ja mini magana. Don kada ya ruɓe, na sa shi cikin jarida na danne a katakon matsa ganye, tare da waɗanda shugabanmu Farfesa ya tsinko a kan tsauni. Na manta. Abokin aikina, wanda bai taɓa gama komai da wuri ba, ranar sai Allah ya ba shi himma: ya manna shi, ya buga masa lamba.

Yau sati biyu Farfesa bai zauna ba. Wai ba a taɓa jin fiya ta tsiro a tsaunin nan ba, zai sanar da duniya. In na yi shiru, dattijo zai sha kunya. In na yi magana, hutun da nake roƙo tun bara ya tafi. Takardar hutun tana kan teburinsa, ganyenki a samanta.

Ki sa ni a addu'a.
Mijinki.

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, a gaishe mini da Inna. Na faɗa wa Farfesa gaskiya. Mutumin nan ya gasa mini wuya shekara uku, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba, ban ga dalilin da zan bar shi da ita ba.

Ya tambaye ni sunan wanda ya tsinko, da ranar, da tsayin bishiyar. Abin da aka buga wa lamba ba ya fita daga ɗakin ajiya, don haka sunanki yana jikin takardar har abada. Ni da na manna dubu huɗu, nawa ba ya kan ko ɗaya.

Hutu kam ya hana. Amma ya ce ganye ba fure ba 'ya'ya rabin aiki ne, in je inda bishiyar take in kawo sauran. Sati uku ya ba ni.

Ina tafe ranar Asabar. Don girman Allah, ki ɗaure akuyar nan tamu, kada ta taɓa bishiyar.

Naki har kullum,
Mijinki.