Salansa a Ƙarƙashin Kujerar 'Ya'yana

Daga: Zulaihatu Abdulshakur,
Rukunin Gidaje na Arkilla,
Sakkwato.

Zuwa ga: Alhaji Mustapha Dundaye,
Shugaban Ƙungiyar Kanikawa da Masu Walda,
Shiyyar Unguwar Rogo, Sakkwato.

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

GAME DA: Canjin injin jif da ɗan ƙungiyarku Malam Mode, mai laƙabin Sarkin Jif, ya yi mini.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe,

"Inna, don mi motarmu ka yin tusa ta ciki?" Tambayar da ɗiyata Juwairiyya, 'yar shekara shida, ta yi mini ke nan a gaban surukata, muna hanyar zuwa suna. Na tsawata mata saboda kunya. Yau na gane cewa a cikinmu duka, har da wanda ake kira Sarkin Jif, ita kaɗai ta yi binciken da ya kamata a yi wa motar.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar Litinin 8 ga Satumba na kai jif ɗin da na gada wurin mahaifina garejin Malam Mode. Tsohuwa ce, ban musa ba, ta girmi aurena nesa. Amma ita ke kai Juwairiyya da ƙanenta Junaid makaranta, domin maigidana yana aiki a wata jiha. Injinta mai silinda shida ya gaji, ga shan fetur. Malam Mode ya ba da shawarar a sa mata ƙarami mai silinda huɗu, ɗan Kwatano, ya ce aikin kwana huɗu ne. Na karɓi mota ranar Alhamis 25 ga wata. Ban yi ƙorafin kwana goma sha bakwai ba. Na ɗauka kowane sarki da irin kalandarsa.

2. Ranar da na karɓa, an yi gwaji a gabana, kuma ina roƙon shugaba ya lura da yadda aka yi shi. Malam Mode ya sauke gilasai huɗu, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya fita babbar hanya da gudu, ya dawo yana murmushi ya ce injin ya zauna. Ba wanda ya zauna a kujerar baya. Ba wanda ya rufe gilas. Ni kuwa ba tsere nake zuwa ba. Gilas a rufe nake tafiya saboda zafin garin nan da kowa ya sani, kuma kullum sai na yi kusan rabin awa a cunkoson ƙofar makaranta, inji yana aiki, yara biyu a baya.

3. Tun makon farko na ji wari. Na yi abin da na iya: na wanke kujeru, na turara motar da turaren wuta. Yaran da a da ke faɗa kan wa zai zauna bakin taga, sai suka koma yin barci kafin mu iso gida. Ranka shi daɗe, hamdala na riƙa yi. Har waya na yi wa babansu na ce yara sun yi hankali. Wannan layin na rubuta shi sau uku kafin na iya barinsa a takarda.

4. Ranar Talata 14 ga Oktoba, da misalin ƙarfe biyu na rana, muka iso gida na buɗe ƙofar baya, Junaid, ɗan shekara uku, ya ƙi tashi. Na girgiza shi, kansa ya langaɓe. Juwairiyya tana amai tana riƙe da kai. Maƙwabcina ne ya kai mu asibiti a keke-napep ɗinsa. An sa wa Junaid iskar numfashi, muka kwana biyu. Likita ta tambaye ni ko muna kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Na ce a'a, har da ɗan fushi, don ni ba sakarya ba ce. Sai ta tambayi inda yaran suke kafin abin ya faru.

5. Da aka sallame mu ban kira kowa ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na shiga ƙarƙashin mota da fitilar wayata. Ga abin da gwanintar ɗan ƙungiyarku ta samar. Salansar sabon injin ta wani gefe take fitowa, ba ta haɗu da tsohon bututun da ke kai hayaƙi bayan mota ba. Maimakon a lanƙwasa wani, sai aka yanke, aka yi wa guntu walda, aka bar bakinsa daidai ƙarƙashin kujerar baya. Haka kuma sandar giya ba ta faɗa tsohon raminta ba, sai aka fasa ƙasan mota aka yi mata sabo. Tsagar ta bi har ƙarƙashin ƙafafun yara. An rufe ta da gwangwanin tumatir da aka buga ya baje, aka ɗaure da waya, aka mayar da kafet a kai tsaf. Ina yaba tsaftar aikin: da na ɗaga kafet ɗin na ga an ma juya gwangwanin yadda hoton tumatir ɗin zai kalli sama.

6. Ranar Asabar 18 ga wata na je gareji da hotuna da takardar asibiti. Malam Mode bai tashi daga benci ba. Amsoshinsa uku ne, na kuma rubuta su a wurin don kada a ce mace ta ƙara gishiri. Na ɗaya, sabon inji dole shi yi wari har shi saba da mota. Na biyu, in riƙa sauke gilas, in kuma ƙara turare tunda mu mata mun san kansa. Na uku, ba a maganar inji da mata, in turo maigida. Abin mamaki, ranar da na kawo motar mace ce ni, ranar da na karɓa ma haka, kuma duk bai nemi maigida ba. Bai tambayi jikin yaron ba. Na kuwa ba shi dama ko zai tuna.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon ƙungiya:

Ta turo dattawan sana'a biyu su duba motar a gidana kafin Litinin 27 ga wata. Tana nan yadda take, ban taɓa ko waya ɗaya ba. Tabarma ma tana nan.

Ta sa a kai salansa har bayan mota, a like ƙasan da ƙarfe na gaskiya, kuma wani bakanike daban ya yi aikin. Malam Mode ya huta, ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ta sa a kira duk wanda aka canja wa inji a garejin nan a ɗaga kafet ɗinsa. Malam Mode da bakinsa ya yi mini alfaharin cewa tawa ce ta tara a bana.

Ta wajabta wa 'ya'yanta gwaji na biyu: gilas a rufe, mota a tsaye, inji yana aiki, shi bakaniken a kujerar baya minti talatin. Wanda ya amince da aikinsa ba zai ji nauyin wannan ba.

Ranka shi daɗe, na san girmanka, kuma ban zo da rashin kunya ba. Amma ranar Asabar na ga wata farar bas a garejin, an zare injinta, an jingina wani ƙarami kusa da ita. A jikinta an rubuta sunan wata makarantar rainon yara. Na ƙirga kujerunta, goma sha takwas ne. An ce mini Alhamis za ta fita.

Takardar nan kwafi biyu ce, kuma sakatarenka zai sa hannu da kwanan wata a kan nawa. Daga yau ba ka cikin waɗanda za su ce ba su sani ba. Idan bas ɗin nan ta bar garejin ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta, ni zan riga ta isa ƙofar makarantar, in tsaya da hotuna da wannan kwafin, kuma duk uwar da ta tambaye ni wa aka gaya wa, sunanka zan faɗa.

Allah shi ƙara girma, shi ba ka ikon yin abin da ya dace.

Taka cikin ladabi,

Zulaihatu Abdulshakur
(Maman Juwairiyya)