Lemon da na dafa a tukunyar miya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, duk da na san duk mai bin hanyar kogi a nan Garwa in ya karanta zai ce ai wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗa. Ni tsoho ne, na haura sittin, bokona aji uku ne aka koro ni saboda na sa wa malam ƙadangare a aljihu. Shekara da shekaru ina shan lemon kwalba mai hoton mangwaro, ni a zatona mangwaro nake sha. Har yabon kaina nake wai kullum ina cin kayan marmari kamar Nasara. Faransancin da ke bayan kwalbar kuwa ni da shi ba ma ko gaisawa.

Sana'ata liƙi ce. Da rezin nake aiki, ruwan gam ɗin nan da in ka ɗiga masa maganinsa yake daskarewa kamar gilashi, da shi nake gyaran kwalekwale da tankin ruwa da robar babur. Teburina yana ƙarƙashin rumfar shagon abokina Alhaji, mai sayar da kayan gwangwani da lemo katan-katan. Tare muka tashi, shekara talatin ina zaune a inuwarsa bai taɓa ce min matsa ba. Kullum bayan azahar zai buɗe firij ya miƙo min kwalba mai sanyi ya ce sobajo, wato aboki, jiƙa maƙoshi.

Bara na ji ciwo a ƙafa ya ƙi warkewa, aka auna jinina a asibiti aka ce suga ne. Dokta ya tambaye ni me nake yawan sha, na ce mangwaro, na kwatanta masa kwalbar, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Dariyar nan ta fi min ƙafar ciwo. Ina isa gida na ɗauko tukunyar miyar mai ɗakina, na juye kwalba guda na ɗora a wuta, na ce yau sai na ga mangwaron nan da idona. Ruwa ya ƙafe, abin da ya rage wani baƙin abu ne mai danƙo kamar kwalta. Tukunya ba ta ƙara moruwa ba, kwana uku ina cin tuwo da harara.

Sai na kankare baƙin abin na sa a gwangwanin sardin, na ɗora murfin kwalbar a gefensa, na zuba rezin mai haske a kai. Da ya daskare na fasa gwangwanin, ga shi nan tar kamar ƙwaro a cikin ƙanƙara, har kyau ya yi. Daga nan abin ya zame min jaraba. Dunƙulen miya na narkar na shanya a rana, gishiri ya fito da wani maiƙo, na zuba masa rezin. Farin abin da ke tsakiyar biskit na kankare na mulmula, ya tashi kamar kitsen rago, shi ma na rufe shi. Yanzu goma sha ɗaya ne jere a teburina. Ban rubuta komai a jiki ba, ban ma iya ba. Wanda ya tambaya in ce masa wannan daga kaza na fitar, shi ke nan.

Da fari Alhaji dariya yake, wai na tsufa na koma wasan yara. Sai mutane suka fara tsayawa. Wani malamin makaranta daga Figil ya ɗauki hoto ya ce zai nuna wa ɗalibansa. Mata in sun zo sayayya sai sun fara leƙa teburina. Ranar Litinin wata ta fito da katan ɗin lemo na sunan jikanta, ta tsaya ta kalli baƙin abin nan, ta juya ta mayar da katan. A gaban Alhaji. Ranar ce ya kira ni ciki ya ce in kwashe tsiyata ko in nemi wata inuwa, ya ba ni zuwa Juma'a. Na ce masa ni ban ƙara komai a ciki ba, abin da ke kwalbarsa na cire wa riga. Ya ce ni dokta ne? Na ce a'a, amma tukunya ba ta ƙarya, ya kawo tasa kwalbar mu dafa.

Dattawan majalisarmu sun taru a kaina, wai na ci amanar inuwa, wai ana ganin girmana na zama mai ɓata kasuwar ɗan'uwa. Mai ɗakina ta ce in tattara su in zuba a kogin Binuwai mu huta. Ni kuma na ce ba inda za su. Da wani ya nuna min irin wannan shekara ashirin baya, da yanzu ba na ɗingishi. Masu karatu sun karanta bayan kwalba sun yi shiru, mu da ba mu iya ba sai a bar mu da hoton mangwaro? In rana ce zan shiga da teburina in shiga, ai fatata ta riga ta gama baƙi.

To jama'a ga tambayata. In kwashe in ci gaba da zama da abokina, ko in ɗauki teburina in tsallaka titi in jera su a can yana kallona ina kallonsa? Har jiya da safe na san amsata, tsallakawa zan yi. Sai bayan la'asar Alhaji ya fito ya zauna a bencina, abin da rabonsa da yi tun Litinin. Ya ɗauki rezin ɗin nan na lemon yana juya shi a hannu, bai kalle ni ba. Ya ce, "Wata biyu ke nan da aka ce min ni ma ina da sugan nan, ko iyalina ban faɗa wa ba. Kullum in na buɗe shago abin nan nake fara gani. Sobajo, dole sai a ƙofata?"

Ya ajiye ya koma ciki. Gobe Juma'a.