Kasaru a Motar Yaya Sani

Talata, bayan sallar isha'i

Yau Yaya Sani ya kawo motar nan da ya shafe watanni yana gyarawa a Dawanau. Tsohuwar bas ce, ya cire kujerun ya sa katifa biyu da risho da jarkokin ruwa. Wai Yankari zai kai Baba ya ga giwa tun idonsa bai gama rufewa ba. A ciki za mu dafa, a ciki za mu kwana.

Baba ya shiga, ya shafa jikinta, ya zauna a katifa. Na ɗauka albarka zai sa. Sai ya ce, "Sani, wanda ya tafi da ɗakinsa da murhunsa, matafiyi ne ko mazauni? Kasaru zan yi ko cikawa?"

Yaya ya yi dariya, ya ce ai nisan hanya ake dubawa. Baba ya ce sai ya duba littattafai, kafin nan ba inda za shi. Littattafan da rabonsa da karanta su tun bara!

Abin ya ɗaure min kai. Mutumin da duk ƙauyen nan ke zuwa neman fatawa wurinsa, wannan ce za ta gagare shi? Har haushinsa na ji.

Da na je ɗauko kwanonsa, na tarar ya ɗaga tafin hannunsa dab da fuska yana jujjuyawa. Ya ce, "Hadiza, ita giwar nan, daga nesa ake tsayawa a kalle ta, ko?"

Ban san me zan ce wa Yaya da safe ba. Ya riga ya cika tanki.